Fim ɗin da babu sunan darakta a kai

Mai karatu, a wannan watan ba fim ɗin da ka saya a kasuwa ko ka kalla a YouTube za mu ɗora a kan faifai ba. Shirin da zan yi sharhi a kai ba ya da fosta, ba ya da tirela, bai bi ta Hukumar Tace Finafinai ba, kuma ko ka kai ƙarshen sa ba za ka ga jerin sunayen ma'aikata ba. Hasali ma ko hoto mai motsi babu a ciki, murya ce zalla. Duk da haka na sa shi cikin sahun finafinai, domin akwai wanda ya rubuta labarin, akwai wanda ya raba wa 'yan wasa rawar da za su taka, akwai wanda ya zauna gaban kwamfuta ya tace, akwai kuma dillalan da su ka watsa shi. Sunayen su ne kurum ba su yarda an rubuta ba.

A jajibirin zaɓen shugaban ƙasa na ranar Asabar, 25 ga Fabrairu, 2023, wani sauti ya karaɗe wayoyin jama'a. 'Yan wasan su uku ne: Atiku Abubakar, ɗan takarar PDP, da mataimakin sa a takarar, Gwamnan Delta na lokacin Ifeanyi Okowa, da Gwamnan Sakkwato na lokacin Aminu Waziri Tambuwal. An ji su da Turanci wai su na ƙulla yadda za a murɗe zaɓe. Gamayyar masu bin diddigin labarai ta Nijeriya, wadda Dubawa da jaridar TheCable ke ciki, ta bincika ta ce haɗi ne, wannan hirar ba a taɓa yin ta ba. Na'ura aka sa ta kwaikwayi muryoyin, ta hanyar fasahar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI.

To, idan aka zo batun labari, ni dai ba zan ba marubucin ko uku cikin goma ba. Ya faɗa ramin da marubutan finafinan mu su ka saba faɗawa, inda za ka ga mugun Alhaji ya kishingiɗa a falo ya na karanto wa yaran sa makircin sa dalla-dalla, alhali yaran sun riga sun sani, mai kallo ake so ya ji. Haba jama'a! Dattawa uku da su ka tsufa a siyasa, a ce sun ɗauki waya su na zayyana laifin da zai iya kai su gidan yari kamar masu karanta labaran ƙarfe bakwai? Ko ɗan kamasho a tashar Kawo ya san akwai maganar da sai an haɗu ido da ido. Duk sautin da ka ji an faɗi komai a cikin sa, babu gutsiri-tsoma, babu "ka gane ai", babu wanda ya katse wani, to alƙalami ne ya yi shi.

Amma a fannin sakin kaya kasuwa, wallahi sai dai a sara wa wannan furodusan. Kowa ya san mai fim ya na ɓoye babban shirin sa sai ranar Sallah. Shi ma wannan ya san ranar Sallar sa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi a daina yaƙin neman zaɓe sa'o'i 24 kafin ranar jefa ƙuri'a. Wato a daidai lokacin da ɗan takara ba ya da damar hawa mumbari ya kare kan sa, a lokacin aka saki kayan. Kafin masu bincike su gama, su rubuta rahoto da Turanci su ɗora a intanet, mutumin Badarawa da ya saurara bayan sallar Isha ya kwana da abin a ran sa, da shi kuma zai shiga layi da safe.

Kada ka ɗauka dabarar ta mu ce mu kaɗai. A ƙasar Sulobakiya da ke Turai, kwana biyu kafin zaɓen 30 ga Satumba, 2023, an saki sautin bogi na shugaban wata jam'iyya, Michal Šimečka, wai ya na tattaunawa da wata 'yar jarida kan sayen ƙuri'u. Nan ma a cikin sa'o'in da doka ta hana kamfe aka yi. Kamar darakta ɗaya ne ya koyar da su.

Abin da ya sauya shi ne kuɗin aiki. A 1994, da aka so a nuna Tom Hanks ya na gaisawa da Shugaba Kennedy a fim ɗin Forrest Gump, sai da babban kamfanin Industrial Light & Magic ya duƙufa, har aikin ya ci kyautar Oscar. A 1997 fim ɗin Wag the Dog ya ba da labarin yadda fadar shugaban Amurka ta ɗauko furodusan Hollywood ya ƙirƙiro yaƙin ƙarya da ƙasar Albaniya don a kawar da hankalin masu zaɓe, kuma ko a cikin labarin sai da aka nemi situdiyo da ƙwararru. To a Janairun 2024, dubban masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka sun amsa waya su ka ji muryar Shugaba Joe Biden ta na ce masu kada su fita zaɓen fid da gwani. Ka san wa ya haɗa muryar? Wani mai wasan rufa-ido ne a birnin New Orleans, Paul Carpenter. Da bakin sa ya ce bai kai minti 20 ya na aikin ba, dala 1 ya kashe, aka biya shi dala 150. Wanda ya sa shi, Steve Kramer, hukumar sadarwa ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 6. Abin da a da sai gwamnati ko Hollywood, yau yaron da ke tura waƙoƙi a shagon cajin waya zai iya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu 'yan kallo. A duk faɗin Nijeriya babu wanda ya kamata ya fi Bahaushe mai kallon fim wuyar yaudara da wannan abu. Iyayen mu sun taso su na ganin bakin Amitabh Bachchan ya na motsi, muryar Kishore Kumar na fita. Mu kuma tun zamanin Sangaya da Wasila mu ka san cewa jarumar da ke juyi a gindin bishiya motsa baki kurum ta ke yi, mai waƙar ta na can situdiyo, ko Rabi Mustapha ce, ko Fati Nijar, ko Maryam Sangandale. Yarinya 'yar shekara goma za ta faɗa maka wa ya rera da jin baiti ɗaya. Daga baya Algaita da takwarorin su su ka zo da fassarar finafinan Indiya, mu ka zauna mu na kallon ƙaton jarumin kudancin Indiya ya na zuba Kananci har da baƙar magana. Babu wanda ya taɓa tashi daga gaban talbijin ya ce ashe mutumin nan ɗan Fagge ne. Shekara da shekaru mu na makarantar da ke koyar da darasi ɗaya, cewa fuska daban murya daban, edita ne ke ɗaura masu aure. Amma da zarar an turo mana sautin ɗan takarar da mu ka tsana, sai karatun ya zube, mu danna turawa har da "a yaɗa saboda Allah".

Indiyawan da mu ka koya daga wurin su ma ai sun riga mu shiga wannan. A Fabrairun 2020, ana gab da zaɓen majalisar Delhi, jam'iyyar BJP ta saki bidiyon shugaban ta na birnin, Manoj Tiwari, wanda dama jarumi ne kuma mawaƙi a finafinan harshen Bhojpuri. A bidiyon ya na magana da harshen Haryanvi, alhali asalin jawabin da Hindi ya yi. Yadda aka yi shi ne, an ɗauko mai aikin ɗora murya ya kwaikwaye shi, sannan na'ura ta gyara leɓɓan sa su ka dace da sababbin kalmomin. Ka ga aikin Algaita ke nan, sai dai an ƙara masa abu ɗaya da Algaita ba ta yi: an gyara bakin. Rahoton mujallar Vice ya ce an watsa shi a zaurukan WhatsApp 5,800. A Afrilun 2024 kuma, lokacin babban zaɓen ƙasar, abin ya faɗo kan Aamir Khan da Ranveer Singh. An ɗauki tsohon tallar shirin Aamir na talbijin, Satyamev Jayate, aka sauya muryar ta koma tallar jam'iyyar Congress. Shi kuwa Ranveer hira ya yi a birnin Varanasi ya na yabon Firayim Minista Modi, aka juya ta ta koma suka. Dukkan su sai da maganar ta kai gaban 'yan sanda. Jaruman mu da ke cika shafukan su da bidiyon kan su kullum, ina fata su na ji.

Wanda ke ganin mutanen mu sun fi ƙarfin wannan, ya tuna 2025, lokacin da bidiyoyin yabon shugaban sojan Burkina Faso, Kyaftin Ibrahim Traoré, su ka cika wayoyi. An ga R. Kelly wai ya na rera masa waƙa har da hawaye, mutumin da ke kurkuku a Amurka bisa hukuncin shekara 30. An ga sabon Paparoma Leo wai ya na yi masa doguwar huɗuba, har sai da kafar labaran Fadar Vatican ta fito ta ƙaryata. Masu digiri sun tura, masu difloma irin mu sun tura. Nan babu zaɓe ma ke nan, so ne kawai ya rufe ido.

A 2023 akwai wata katanga da ta ɗan kare mu, ita ce harshe. Na'urorin sun ƙware a Turanci, Hausa kuwa ta na ba su wuya, don Hausa harshe ne mai karin sauti. A rubuce "gari" ɗaya ne, amma na zama daban na tuwo daban. "Kuka" na miya daban, na hawaye daban. Na'urar da ke karanta rubutu ta kan taka wannan, ta maida ƙ ta koma k, ta ja wasalin da ba a ja, sai ka ji kamar Baturen mishan na zamanin da. Balle a ce ta rarrabe Sakkwatanci da Zazzaganci. Sai dai katangar ta fara tsagewa. A Mayun 2023 kamfanin Meta ya fitar da tsarin magana na harsuna sama da 1,100, da Hausa a ciki. A Satumbar 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS mai aiki da Hausa, Yarbanci da Ibo. A Mayun 2025 Google ya fito da Veo 3 mai haɗa hoto da sauti lokaci ɗaya. Waɗannan duk don alheri aka yi su, amma wuƙar yanka albasa ai ba ta san albasa ba. Shawarar da aka riƙa ba mu a da, wai ka ƙirga yatsu, ka duba ƙiftawar ido, yanzu ta zama tsohon yayi.

Kuma ko ba a jira na'ura ta iya Hausa ba, ga hanyar Manoj Tiwari nan a buɗe. A samo wanda ya iya kwaikwayo ya yi maganar da karin ta da tsayawar ta da tarin ta, na'ura kuma ta shafa mata launin muryar wanda ake so. Mu na da masu wannan baiwar birjik. Dubi yadda MC Tagwaye ya yi suna da kwaikwayon Buhari, kowa na dariya don kowa ya san wasa ne. To ka cire dariyar, ka cire fuskar, ka bar muryar kaɗai a WhatsApp. A nan ne maganar ta shigo gidan mu, domin masu ɗora murya, masu haɗa sauti da editoci 'yan industiri ne. Tun da kasuwar faifai ta mutu, da yawan su kakar siyasa su ke jira kamar yadda manomi ke jiran damina. Waƙar siyasa halas ce, kowa ya san Rarara da wanda ya ke wa waƙa, da sunan sa ya ke fitowa, in an ji haushi shi za a zaga. Kwangilar da na ke tsoro ita ce wadda za a kawo da daddare, a ce "ba sai ka sa suna ba".

Akwai kuma wani abu da in na tuna sai gaba na ya faɗi, wato muryar mamaci. A Janairun 2024 an nuna M. Karunanidhi, tsohon jagoran jihar Tamil Nadu wanda asalin sa marubucin finafinai ne, ya na jawabi a allo ya na yabon mulkin ɗan sa, alhali ya rasu tun 2018. A Indunusiya an tayar da Suharto ya yi wa jam'iyyar Golkar kamfe a wannan shekarar. Waɗancan an sanar cewa haɗi ne. To Muhammadu Buhari ya rasu ranar 13 ga Yuli, 2025, 'yan watanni bayan ya dawo gidan sa na nan Kaduna. Har gobe 'yan siyasa na lissafin ƙuri'u miliyan 12 da ya samu a 2003 da 2011, kowa na son ya gaje su. Hirarrakin sa da Hausa cike su ke a intanet, kuma abin da na'ura ke buƙata kaɗan ne. Me zai hana a daren zaɓen 2027 a fito da "wasiyyar da Baba ya bari"? Wa zai tashe shi ya ƙaryata? Haka nan malamai. Karatun Sheikh Abubakar Gumi na Masallacin Sultan Bello, da na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, duk a naɗe su ke, kuma muryoyi ne da mutane ke miƙa wuya da jin su. Mu mutanen rediyo ne tun kafa gidan Rediyon Kaduna a 1962. "Na ji da kunne na" a wurin mu ta gama magana.

Ɓarnar ta na da fuska ta biyu, kuma ina ganin 'yan siyasa sun fi son ta. Tun da kowa ya san ana iya haɗawa, to duk wanda aka kama sai ya ce haɗi ne. A Oktoban 2018 Ja'afar Ja'afar na Daily Nigerian ya saki bidiyon da aka ce Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ne ke karɓar daloli. Gwamnati ta ce haɗa shi aka yi. A 2023 shugaban hukumar yaƙi da rashawa ta Kano, Muhuyi Magaji, ya ce binciken ƙwararru ya nuna ba a taɓa bidiyon ba, Ganduje kuma bai sauya daga musun sa ba. A Afrilun 2023 jaridar Peoples Gazette ta saki sautin da ta ce Peter Obi ne ke waya da Bishop David Oyedepo kan ƙuri'un Kiristoci. Obi ya ce na bogi ne, jaridar ta ce ta na nan kan bakan ta. A duka biyun mai sauraro ya koma duba jam'iyyar sa kafin ya yanke hukunci. Ƙasar da a Disambar 2018 sai da shugaban ta ya tsaya a Folan ya tabbatar wa duniya cewa shi ne shi, ba wani Jibrin daga Sudan ba, ita aka ƙara wa wannan makamin.

Adalci shi ne in faɗi ɗaya ɓangaren. Bayan zaɓukan da aka yi a ƙasashe da dama a 2024, kamfanin Meta ya ce abin da AI ta haɗa bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙaryar zaɓe da masu bincike su ka tantance a shafukan sa ba. Yawancin ƙarya har yanzu ta gargajiya ce: tsohon hoto da sabon bayani, ko jawabin da aka yanke kai da ƙafa. Babu kuma wanda ya tabbatar da cewa sautin Atiku ko na Sulobakiya ne ya sauya sakamako. Na yarda da wannan. Sai dai lissafin Kaduna daban ne. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris, 2023, Uba Sani ya samu ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru ya samu 719,196. Tazarar 10,806 ce, mutanen da ba za su cika filin wasa na Ahmadu Bello ba. Ba sai an yaudari jiha guda ba, a hana unguwa biyu fitowa da safe ya isa: murya ɗaya mai kama da ta jami'in tsaro ta ce an fara harbi a wuri kaza, kowa ya zauna gida.

Ƙuri'a ma ai da sauƙi. Mu da ke wannan tsallaken kogi mun san dalilin da ya sa mutanen Kawo, Unguwar Shanu da Tudun Wada su ka koma kusan addini ɗaya, na Sabon Tasha da Narayi su ka koma ɗayan. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwambar 2002 ne su ka raba garin. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga sama da mutum 800 da aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, jihar Kaduna kuma ita ta fi kowace asarar rayuka. A lokacin wayoyin da ke hannun yawancin mutane kira da saƙon tes kawai su ke yi. A Filato kuma, binciken BBC na 2018 ya gano cewa wasu hotunan da su ka tunzura kisa a watan Yunin shekarar ba su da alaƙa da rikicin, wani bidiyon ma daga Kwango ya fito. Yanzu ka ƙaddara sautin minti ɗaya da muryar wani fasto ko wani limami da kowa ya sani, ya na cewa a far wa 'yan tsallake. Kafin a ƙaryata, an rufe gada.

Hukumar Tace Finafinai ba za ta iya komai a nan ba, don babu wanda zai kawo mata wannan kayan ta duba, saƙon WhatsApp kuma ko kamfanin ba ya ganin abin da ke ciki. Masu bin diddigi da Hausa, irin su Alkalanci da sashen Hausa na Dubawa, su na ƙoƙari, amma a rubuce su ke amsa abin da aka faɗa da baki. Ƙaryar da ta shiga ta kunne, ta kunne za a fitar da ita, kuma a daren, kafin a yi barci. Gidajen rediyon garin nan, na tarayya da KSMC da masu zaman kan su, ya kamata su buɗe layi a daren jajibirin zaɓe don wannan aikin kaɗai.

Su kuma 'yan fim, MOPPAN ta duba abin da takwarorin su su ka yi. A Nuwambar 2022 Amitabh Bachchan ya samo umarnin Babbar Kotun Delhi da ya hana amfani da muryar sa da hoton sa ba da izini ba, Anil Kapoor ya bi sahu a 2023. A wannan shekarar 'yan wasan Hollywood su ka yi yajin aikin kwana 118, kuma batun kwaikwayon su da na'ura na cikin manyan abubuwan da su ka tsaya a kai. A nan kuwa jarumi zai shiga situdiyo ya zuba murya ya karɓi na cefane, ba tare da takardar da ta ce ga iyakar abin da za a yi da ita ba.

Editocin da za su iya haɗa irin wannan sauti da Hausa mai kyau ba su da yawa, kuma a Kano da Kaduna da Jos su ke. Sun san juna, sun san hannun juna kamar yadda telolin Kasuwar Barci ke gane ɗinkin juna. Kunnen su na jin inda aka yanka, da inda amon ɗaki ya sauya, da inda mai magana ya yi doguwar jimla bai ja numfashi ba. Ranar da irin wannan sautin ya fito, su ya kamata gidan rediyo ya fara kira, tun kafin a nemi kakakin jam'iyya.